MDF mara nauyi zai yi mol ɗin gasa roba kuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni kafinta ne. Na haɗa ɗan injin gasa roba da kaina: hita a sama, tebur mai huji a ƙasa, da injin shara mai zuƙar ƙura. An ba ni aikin murfin akwatin cajin waya guda 150, tsawo santimita 40, faɗi 30, tsayi 10, da farar robar HIPS mai kaurin milimita 2. Ina da ragowar MDF mara nauyi. Wani ya ce min idan na yi mol da shi ba sai na huda ramukan iska ba, wai iska na ratsa shi da kanta. Gaskiya ne? Kuma zai kai ni ƙarshen aikin?"

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka. Iska na ratsa MDF, wato allon niƙaƙƙen itace da aka matse, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Amma ƙofofin da iskar ke bi su ne dai raunin allon, kuma da irin injin da ka ce kana da shi, ni ba zan dogara da su ba. Ka yi mol ɗin (samfurin da robar mai zafi ke kwanciya a kai ta ɗauki siffarsa) da shi, ka huda ramukanka, sannan ka sa a ranka cewa guda ɗaya da wuya ya kai ka 150 da fuskarsa a gyare.

Da farko ka tabbatar da abin da ke hannunka, domin a kasuwar katako abubuwa uku ake kira da suna kusan ɗaya. Akwai MDF na yau da kullum, wanda mita ɗaya ta kowace fuska ke auna kilo 700 zuwa 800. Akwai mara nauyin, wanda ke tsakanin 450 da 650, irin su Trupan da ake yi da itacen fayin a Kudancin Amurka. Sannan akwai allon nan mai laushi da ake yi wa silin ko allon sanarwa da shi, wanda ake soka wa fil da yatsa, shi bai wuce 400 ba. Na ukun nan ka bar shi inda ka gan shi, farce ma loɓa shi yake yi. Hanyar ganewa ba wuya: yanko santimita 30 sau 30 daga allo mai kaurin milimita 18 ka ɗora a sikeli. Idan ya ba ka kilo ɗaya da giram 200, MDF ne na gama-gari. Idan ya tsaya wajen giram 800, mara nauyin ne. Idan rabin kilo ne, allon silin aka sayar maka.

Yanzu batun iska. MDF ba wani abu ba ne illa zaren itace da aka niƙa, aka cuɗa da gam, aka matse tsakanin faranti biyu masu zafi. Fuskokin nan biyu da suka taɓa farantan su suka fi matsuwa, shi ya sa suke sulɓi kamar an goge. Cikin kuwa sako-sako ne, a mara nauyin ma ya fi. Masu injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, sun daɗe suna cin gajiyar wannan: sukan fere fatar allon sama da ƙasa, su shimfiɗa shi kan tebur, famfon ya ja iska ta cikinsa ya riƙe katakon da ake yanka, ba ƙusa ba matsi. Kai ma ka gwada. Goge fuska biyun da samfefa mai kaushi, kafa bakin tiyon injin sharar a gefe ɗaya, ka manna takarda a ɗaya gefen. Za ta tsaya.

To amma a nan gizo ke saƙar. Su masu CNC allo ɗaya iskarsu ke ratsawa, kuma famfonsu babba ne. Kai mol ɗinka sai ka jera allo bakwai kafin ya kai tsayin da kake so har da ragin yanka, kuma tsakanin kowane biyu akwai shafin gam. Gam ɗin kafinta idan ya bushe leda yake zama, iska ba ta wuce shi. Ka ga allo bakwai, katanga shida ke nan. Ga shi injin shara ba ƙarfin ja gare shi ba, yawan iska yake kwasa. Nauyin iskar duniya a kan kowane santimita ɗaya sau ɗaya kusan kilo ɗaya ne, kuma shi ne ke danna robar, ba injin ba. Injin dai janye iskar da ke ƙasa yake yi don ta sama ta samu hanya. Famfon zuƙar iska na gaske yakan janye kashi takwas ko tara cikin goma. Injin shara, da ƙyar ya kai kashi biyu. Robar kuma ba ta jira, daƙiƙa kaɗan ne tsakanin tana laushi kamar ƙullin fulawa da ta daskare. Iskar da za ta yi ta lalube ta cikin allo ba za ta fita a wannan ɗan lokaci ba.

Saboda haka ka huda. Ramin da robar za ta gani ya zama milimita ɗaya ko ƙasa da haka, in ya fi, sai ka ga ƙuraje sun fito a jikin murfin. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada ramin ya fi rabin kaurin robar. Tsinken huji mai wannan siranta ba zai ratsa santimita 12 ba, karyewa zai yi. Sai ka juya mol ɗin, ka shiga ta ƙasa da tsinke mai milimita 6 ko 8, ka tsaya saura kamar milimita 4 ka ɓulla, sannan ka ƙarasa ta sama da siririn. Idan siririn ya ƙare maka, ƙaramar ƙusa da aka datse kanta aka wasa tana huda MDF mara nauyi sarai. Wurin da ake hudawa shi ne duk inda robar za ta isa a ƙarshe: lungu, kwari, gindin rubutu idan akwai sunan kamfani a jikin murfin, da kewayen inda mol ya haɗu da tebur. A lungu nakan bar santimita 2 zuwa 3 tsakanin rami da rami. A shimfiɗaɗɗen saman nan mai santimita 40 ma ka zuba kaɗan, domin iska takan maƙale a tsakiya ta bar tabo kamar tafin hannu. Kada kuma ka zaunar da mol ɗin daram a kan tebur. Sa masa wosha, zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti, ko ɗan yankin ragar taga a ƙasa ya ɗaga milimita ɗaya ko biyu, iskar gindinsa ta samu mafita.

Ramukan ƙasan nan suna da wani amfani. Tunda sun keta shafin gam har sun kai allon sama, sai shi allon saman ya riƙa shan iska ta ƙofofinsa, idan ba ka toshe su da shafi ba. A nan ne maganar abokinka take aiki, a matsayin ƙari.

Za ka ji sha'awar ƙwaƙule cikin mol ɗin don tattalin allo. Yi lissafi tukuna. Saman murfinka santimita 1,200 ne idan aka buga tsawo da faɗi. Da injin shara, nauyin da zai sauka a kansa ya kusa kilo 240, buhun siminti biyar ke nan. Ranar da Allah ya hore maka famfo na gaske, ya kusa tan ɗaya, buhu ashirin. MDF mara nauyi da aka bari a rataye ba madogara zai lanƙwasa, ba lallai ka gani da ido ba, sai dai ka ga murfin ya fito da ɗan kwari a tsakiya. Ka cike shi, ko ka bar haƙarƙari duk bayan santimita 8 zuwa 10. Sukuru kuma ba ya kamawa a gefen wannan allo, tsaga shi yake yi. Idan dole ne, ka shiga ta fuska, ka fara huda masa hanya, kuma kada kansa ya zo kusa da inda roba za ta kwanta. Ƙarfe da itace ba sa ɗaukar zafi daidai, ko ka rufe kan da filar cike rami sai zanensa ya fito.

Abin da ke kashe mol ɗin MDF da wuri, a iya abin da na gani, ba zafi ba ne, cirewa ce. Ka taɓa tsayawa wurin masu wankin hula ka ga yadda hular ke kama gungumen idan ta bushe? Haka roba take yi. HIPS na tsukewa kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari idan ta huce, wato milimita 2 a tsawon santimita 40. Idan bangon mol ɗin a miƙe yake cak, sai ta rungume shi, sai ka sa sukundireba kana ɓanɓara, kowane ɓanɓare da ɗan abin da zai tafi da shi daga gefen allon. Kafin guda goma kusurwoyi sun ci. Maganinsa gangara. Ka ba bangon digiri 5, a tsayin santimita 10 wannan na nufin gindi ya fi sama faɗi da kusan milimita 9 ta kowane gefe. Digiri 3 shi ne mafi ƙaranci, milimita 5, kuma a allo mai laushi irin wannan ban ba ka shawarar tsayawa nan ba. Ka je wurin mai aikin ka nuna masa wannan tun kafin ka yanka, domin idan akwatinsa ba zai karɓi gangarar ba gara a sani yau. Ka kuma ƙara milimita 2 ɗin tsukewar a ma'auninka, in ba haka ba murfi 150 za su fito duk sun matse.

Kusurwa mai kaifi ba ta da masoyi a wannan aiki. Roba na yagewa a kanta, allon kuma na marmashewa. Zagaye kowace da injin rawuta ko samfefa, ko da milimita 6 ne, na sama ma 10 ya fi.

Sai kaurin da zai rage. Ka bar tazara daidai tsayin murfin a kowane gefe, wato firam ɗin da ke riƙe fallen robar ya zama 60 sau 50, santimita 3,000 na roba. Bangaye huɗun murfin za su ƙara 1,400. Robar da ta rufe 3,000 za ta rufe 4,400, milimita 2 ya dawo wajen 1.4 idan an raba daidai. Ba a rabawa daidai kuwa. Saman da ya fara taɓa mol nan take yake hucewa ya riƙe kaurinsa, bangon ne ke biyan bashin, yakan sauka ƙasa da milimita ɗaya. Ka yanka na farkon da ka yi gida biyu ka duba da idonka. Idan firam ɗin ya yi wa mol yawa, ko robar ta yi laushi fiye da kima, za ka ga ta naɗe a kusurwoyin ƙasa kamar fatar ƙafar agwagwa. Ɗan guntun katako mai gangara da aka ajiye kusa da kusurwar yakan janye rarar.

Yanzu fuska, wadda ita ce mai wuyar sha'ani. Da zarar ka yanka MDF mara nauyi ka shiga cikinsa, sai ka tarar da gashi-gashi kamar bargo, kuma ko ka kwana kana gogewa ba zai yi sulɓi ba. Roba mai zafi kuwa ba ta ɓoye komai. Sa'arka ɗaya: robarka fara ce, ba a gani ta cikinta, kuma cikin murfin ne ke taɓa mol, wajensa yana kallon sama. A kaurin milimita 2 ƙananan gashin ba za su fito waje ba, layukan gam ne kawai kan nuna idan ba a daidaita su ba. Da PETG ce mai garau kamar gilashi, da na ce ka manta da allo tsirara, domin duk zaren itacen sai ya zanu a jiki ta fito dishi-dishi.

Duk da haka sai ka yi shafi a bangaye da kusurwoyi, don ƙarfi. Kada ka yi da fenti. Na taɓa yin wannan wauta a farkon farawata. Na sassaƙa mol ɗin haruffan allon talla, kwana uku ina kansa, na kai wa mai fentin mota ya fesa masa har kana ganin fuskarka a ciki. Robar farko da na saukar ta kwanta kyau kamar a shago, na tsaya ina murna. Da na zo cirewa ta ƙi. Fentin ya narke ya zama gam. Da ƙarfi ya yi ƙarfi ta fito da fentin, fentin kuma ya fito da fatar allon faci-faci, harafi ɗaya ma gefensa ya ɓalle gaba ɗaya. Robar na sauka a kan mol ne da zafin digiri 150 zuwa 170, fenti da banish na gama-gari ba a yi su don wannan ba.

Abin da ya yi min aiki shi ne gam ɗin ifokzi mai ruwa-ruwa, irin mai jinkirin bushewa, ba na minti biyar ba. Ka shafa, allon zai shanye kamar ƙasar rani, ka ƙara har ya ƙoshi, ka share rarar, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. Zaren ya daskare ke nan, samfefa za ta yanke shi maimakon ta tayar da shi. Fara da lamba 120, ka gama da 320. Kada ka wuce nan. Fuskar da ta yi santsi ƙwarai tana kama iska tsakaninta da roba, ɗan kaushin samfefa shi ne hanyar da iskar ke bi ta kai rami. Rami ko tsaga ka cike da filar masu gyaran jikin mota, siriri, kauri na ɓallewa. Bayan shafi ka sake bin ramukan iskar ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun toshe. Saman mol ɗin, in ka bar masa fatarsa ta asali ba ka yanka ba, ba ya bukatar shafi mai yawa. Kafin ka saukar da roba ka barbaɗa hodar jarirai ka share da tsumma, tana sauƙaƙa cirewa. Man girki ko giris kada su kusanci wurin, allon zai sha ya kumbura.

Itace ba ya tafiyar da zafi, alminiyam ya fi shi fiye da sau dubu a wannan. Da farko alheri ne, robar ba ta saurin daskarewa, injinka mai rauni na samun ɗan lokaci. Bayan guda biyar ko shida a jere sai labari ya canza. Mol ya yi zafi har ba ka iya dafa shi, murfin ya ƙi hucewa, ka cire shi da ɗumi ya murɗe a kan benci. Farin gam ɗin kafinta kuma laushi yake yi idan ya ji zafi, sai layukan su fara buɗewa. Shi ya sa na fi son a haɗa allunan da ifokzi tun farko, ko aƙalla biyun sama. Ka kafa fanka tana hura murfin da zarar ya kwanta, ka cire shi yana da ɗan ɗumi amma ya riga ya tsaya. Idan ka bar shi ya yi sanyi ƙalau a kai, ya gama tsukewa ke nan, sai kokawa. Ɗan hura iska ta ƙasa da famfon keke ko kwamfuresa kan ɗago shi ba tare da ka taɓa gefen ba.

Ruwa ma abokin gaba ne. Allon da ya kwana a ƙasan shago da damina ya sha laima, zafi zai fito da ita ta zama tururi, ya tsaga allon ta tsakiya ko ya bar tabo a robar. Mol ɗin da ka auna a watan Agusta ba shi za ka tarar ba da hunturu. Ka shanya allunan a inuwa mai iska kwana biyu kafin haɗawa, ka shafe gindin ma, ban da bakin ramuka, ka riƙa ajiye shi a kan kanta.

Wajen yanka da gogewa ka sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, ba ƙyalle ba. Ƙurar MDF ta fi ta katako laushi, kuma gam ɗin da ke cikin yawancinsa na ɗauke da sinadarin fomaldihaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa cikin masu haddasa cutar, haka ita ma ƙurar itacen. Yaran shago su ma a ba su. Idan wata rana aka kawo maka robar PVC maimakon HIPS, ka kula ƙwarai, in ta ƙone hayaƙinta na ƙona maƙogwaro da ido.

Game da 150 ɗin, ga yadda zan yi da ni ne. Zan fara sassaƙa ɗaya da mara nauyin, tsirara ba shafi, domin yana yankuwa kamar sabulu kuma gyara ba ya cin lokaci. Zan saukar da uku ko huɗu, in gwada a kan akwatin, in gyara gangara da kusurwa har mai aiki ya ce ya yi. Wannan shi ne aikin da allon ya fi kowa iyawa. Tsirara haka, a hannuna, bai cika wuce guda ashirin ba kafin gefensa ya fara ci. Daga nan zan shafe shi da ifokzi, in yi masa ɗan'uwa da MDF mai nauyi, wanda gefensa ya fi jure ɓanɓara, in riƙa musanya su: ɗaya na aiki, ɗaya na hucewa. Biyun nan, da ɗan facin fila a hanya, za su kai ka. Ka sayi robar da rarar falle goma aƙalla, na farko-farko na koyon zafi ne. Za ka ga robar ta yi yamutsi, ta dawo ta miƙe, sannan ta fara saukowa da ciki. A wannan saukowar ake ɗauka, kuma da robar milimita 2 da injin shara sai ka bar ta ta sauko sosai fiye da yadda zuciyarka ke so.

Idan mai aikin ya ce zai dawo da wani 500, to ka ɗauki mol ɗin nan da aka shafe ka nufi wurin masu zubin tukunyar alminiyam. Aikinsu ke nan kullum, danna samfuri a yashi a zuba narkakken ƙarfe. Ka gaya musu bangon ya zama mai kaurin santimita ɗaya ko fiye, da haƙarƙari a ciki. Alminiyam na tsukewa kamar milimita 13 a kowace mita idan ya huce, wato milimita 5 a tsawon murfinka, don haka samfurin da za ka kai musu sai ya fi na aikin girma da wannan, ka ƙara ɗan abin da gurza da samfefa za su ci. Zubin yashi kan fito da ƙananan ramuka a fuska, ka duba su a rana kafin ka biya, waɗanda ke saman murfin su ne za su dame ka. Hujin ma zai fi ba ka wuya, ka tanadi tsinken milimita ɗaya kamar guda goma da ɗan kananzir na sanyaya baki. Shi kuma mol ɗin ƙarfe sai an ɗumama shi kafin robar farko, in ba haka ba tana taɓa shi za ta daskare tun ba ta kai lungu ba.